Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta Birtaniya kan Kuɗin Fasfo da Matsayin Mutanen Hong Kong

Zuwa ga masu girma shugabannin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida da na Ofishin Fasfo na Mai Martaba Sarki, Landan.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa tare da girmamawar da ta dace da kujerunku, na rubuto muku wannan wasiƙa a bainar jama'a ne game da mutanen Hong Kong masu riƙe da matsayin ɗan Birtaniya na ƙetare, wanda aka fi sani da BNO, da kuma kuɗaɗen da gwamnatinku take karɓa daga hannunsu, tun daga na sabunta fasfo har zuwa na rajistar zama cikakken ɗan ƙasa. Maganar tawa guda ɗaya ce, ko da yake hujjojinta suna da ɗan tsawo. Birtaniya ce ta ƙirƙiro wannan matsayi domin biyan buƙatar kanta sa'ad da take shirin naɗe tabarmarta daga Hong Kong, ita ce kuma ta cire masa haƙƙin da ya fi kowane muhimmanci, wato haƙƙin mutum ya zauna a ƙasar da ta ba shi fasfo, saboda haka bai dace yau ta mayar da shi wata kafar samun kuɗin shiga daga mutanen da ba a taɓa neman yardarsu a kan makomarsu ba.

Ni ɗan Arewacin Najeriya ne, kuma abin da ya sa wannan lamari bai yi mini nisa ba shi ne, kakanninmu ma sun rayu a ƙarƙashin irin wannan rabe-raben. A dokar Birtaniya ta wancan zamani, wanda aka haifa a Ikko, da yake ita mallakar Sarautar Ingila ce tun 1861, talakan Sarkin Ingila ne, amma wanda aka haifa a Kano ko Sakkwato ko Katsina ana lissafa shi ne a matsayin wanda Birtaniya take ba kariya kawai, domin Arewa ƙasa ce da aka ɗauka a ƙarƙashin kariya tun 1900. Hukuma ɗaya take mulkinsu, amma darajar takardunsu ta bambanta. Mu dai namu ya zo ƙarshe a ranar 1 ga Oktoba 1960, lokacin da muka sami ƙasa tamu da fasfo namu. Mutanen Hong Kong ba su sami wannan mafita ba. A 1972 Majalisar Ɗinkin Duniya ta cire Hong Kong da Makau daga jerin yankunan da ake sa ran za su kai ga mulkin kai, bisa buƙatar ƙasar Sin, daga nan ƙofar 'yancin kai ta rufe. Abin da ya rage musu daga shekara ɗari da hamsin da 'yan kai na mulkin Birtaniya shi ne wannan jan fasfon Birtaniya da ya koma shuɗi, da alkawuran da aka ɗaura a kansa.

Ya kamata a tuna yadda aka iso nan, domin kuɗin da ake karɓa a yau ba za a iya auna adalcinsa ba sai an san abin da aka karɓe jiya. Birtaniya ta mallaki tsibirin Hong Kong da yarjejeniyar Nankin ta 1842, ta ƙara Kowloon a 1860, sannan ta karɓi hayar Sababbin Yankuna na shekara 99 a 1898. A ƙarƙashin dokar zama ɗan ƙasa ta 1948, wanda aka haifa a Hong Kong da wanda aka haifa a Manchester suna ɗaya suke amsawa, dukansu 'yan Birtaniya da yankunan mallakarta ne, kuma dukansu suna iya shiga Ingila su zauna su yi aiki. Dokar baƙin Kwamanwel ta 1962 ce ta fara datse wannan hanya ga waɗanda gwamnatocin yankunan mallaka suka ba fasfo. Ta 1968, wadda aka gaggauta zartarwa cikin 'yan kwanaki domin tare Indiyawan Kenya, ta ƙara matsewa, sannan ta 1971 ta ɗaura haƙƙin zama a kan ko mutum yana da uba ko kaka da aka haifa a Birtaniya. Kowa ya san su wane ne suka cika wannan sharaɗi, kuma su wane ne ba su cika ba. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, da ta duba ƙarar Indiyawan Gabashin Afirka a 1973, ta ce abin da aka yi musu wariyar launin fata ne da ya kai matsayin wulaƙanci.

Dokar 1981, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1983, ita ce ta tsaga 'yan ƙasa gida uku, ta saka mutanen Hong Kong a rukunin 'yan yankunan da ke ƙarƙashin Birtaniya, marasa haƙƙin zama a cikinta. A cikin wannan dokar kanta an buɗe wa mutanen Jibralta ƙofar yin rajistar zama cikakkun 'yan ƙasa. Bayan yaƙin da aka yi da Ajantina a 1982 kuma aka yi doka ta musamman a 1983 aka ba mazauna tsibiran Falkland cikakken matsayi. A 2002, shekara biyar bayan Hong Kong ta fita daga lissafi, sai Majalisarku ta ba kusan dukan mazauna sauran yankunan ƙetare, irin su Bamuda da Santa Helena da Montserrat, cikakken matsayin ɗan Birtaniya. Wanda ya jera waɗannan shekaru ya dube su da idon basira ba zai rasa ganin abin da suke nunawa ba: an jinkirta adalcin ne har sai da yankin da ya fi kowane yawan jama'a ya bar hannu.

Shi kansa matsayin BNO ya samo asali ne daga Sanarwar Haɗin Gwiwa kan mayar da Hong Kong ga Sin, wadda firaministocin Birtaniya da Sin, Margaret Thatcher da Zhao Ziyang, suka sanya wa hannu a Beijing ranar 19 ga Disamba 1984. A takardun da ɓangarorin biyu suka yi musaya a ranar, Birtaniya ta ce mutanen Hong Kong za su iya ci gaba da riƙe wani matsayi da zai ba su fasfo ɗinta ba tare da haƙƙin zama a cikinta ba, ita kuwa Sin ta ce duk Sinawan Hong Kong 'yan ƙasarta ne, kuma ba za su sami kariyar ofishin jakadancin Birtaniya a Hong Kong ko a sauran sassan Sin ba. Aka buɗe rajista ranar 1 ga Yuli 1987, aka rufe ta da miƙa mulki ga Sin a 1997, tun daga 1993 ma an yanka wa kowane rukunin shekarun haihuwa wa'adinsa. Kimanin mutum miliyan 3.4 ne suka yi rajista. Abin da nake so ku lura da shi a nan shi ne, wannan rajista tana tafiya ne tare da neman fasfo, ba ta zuwa wa mutum da kanta. Ke nan tun ranar farko an haɗa matsayin mutum da ko ya je ofis ya cika takarda ya biya kuɗi kafin wa'adi ya wuce. Yaron da yake ɗan shekara goma a 1995, wanda iyayensa ba su ga amfanin kashe kuɗi a kan fasfon da ba za su yi tafiya da shi ba, ya rasa matsayin har abada ba da laifinsa ba. Wanda ya samu kuma ba zai iya gadar wa ɗansa ba. An tsara shi ne ya mutu tare da masu riƙe da shi.

An yi ta faɗa wa gwamnatocin da suka gabace ku cewa wannan bai isa ba. Bayan kisan da aka yi a dandalin Tiananmen na Beijing a watan Yuni 1989, tsoro ya kama mutanen Hong Kong, sai aka yi dokar 1990 wadda ta ba magidanta 50,000 da iyalansu cikakken matsayi, aka zaɓo su da ma'aunin maki da ya fifita manyan ma'aikata da ƙwararru da 'yan kasuwa. Gwamnan Birtaniya na ƙarshe a Hong Kong, Chris Patten, ya fito fili a 1995 ya goyi bayan a ba mutum sama da miliyan uku haƙƙin zama, Landan ta ƙi. A daidai wannan lokaci, Fotugal, ƙasar da ba ta kai Birtaniya arziki ko girma ba, ta bar waɗanda aka haifa a Makau kafin sauyin dokarta ta 1981 da cikakken matsayin 'yan Fotugal, suna gadar wa 'ya'yansu, kuma miƙa Makau ga Sin a watan Disamba 1999 bai gamu da cikas saboda haka ba.

Yanzu sai batun farashi. A farashin da aka sa a watan Afrilu 2025, babban mutum da ya nemi fasfo ta intanet a cikin Birtaniya ya biya fam 94.50, wanda ya nema daga ƙasar waje kuma ya biya fam 108, ban da kuɗin aike. Mai riƙe da BNO kuɗin da yake biya daidai yake da na cikakken ɗan ƙasa, ba a rage masa ko kwabo ba. Idan yana zaune a Hong Kong, na ƙasar waje zai biya, wanda ya tashi daga fam 86 zuwa 94 a 2023, zuwa 101 a 2024, zuwa 108 a 2025. Na san amsar da Ofishin Fasfo yake bayarwa: takarda ɗaya ce, bugu ɗaya, bincike ɗaya, don haka kuɗi ɗaya. To amma ku da kanku kun sha bayyana cewa kuɗin fasfo ba na bugu kaɗai ba ne, a cikinsa akwai kason taimakon da ofisoshin jakadanci suke ba ɗan ƙasa a waje, da kason kula da shigarsa a kan iyaka. Mai BNO da ke zaune a Hong Kong yana biyan kason kariyar jakadanci alhali takardun 1984 sun riga sun nuna cewa ba zai same ta ba a inda yake kwana yake tashi, wanda nan ne ya fi buƙatarta. Idan kuma ya iso filin jirgin sama na Heathrow da wannan fasfo kaɗai, baƙo ne mai ziyarar da ba ta wuce wata shida ba. Abin ya yi kama da maigidan da ya sayar wa ɗansa mabuɗi a farashin mabuɗin ɗaki, alhali zaure kaɗai yake buɗewa.

Mutane ba su jahilci wannan ba, shi ya sa suka daina sabuntawa. Shekara da shekaru fasfon gwamnatin yankin Hong Kong ya kasance a kan dala 370 ta Hong Kong, abin da bai kai fam 40 ba, kuma ana shiga ƙasashe masu yawa da shi ba tare da biza ba. Daga cikin miliyoyin da suka yi rajista, fasfon BNO mai aiki a farkon 2020 bai wuce kimanin 350,000 ba. Na sha jin ana kafa hujja da wannan adadi a ce ai mutanen ne da kansu suka juya wa Birtaniya baya. Ni a ganina adadin yana nuna hukuncin da magidanci mai hankali ya yanke ne bayan ya auna tsadar abu da amfaninsa. Tun daga 31 ga Janairu 2021 ma, gwamnatin Sin da ta Hong Kong sun daina amincewa da wannan fasfo a matsayin takardar tafiya ko shaidar mutum, don haka mai shi ba zai iya ko fita da shi daga filin jirgin garinsu ba. Amfaninsa ya ragu, kuɗinsa kuwa hawa yake yi kowace shekara.

Ba zan ɓoye alherin da aka yi ba, domin rashin faɗarsa zalunci ne. Bayan Beijing ta ƙaƙaba wa Hong Kong dokar tsaron ƙasa ranar 30 ga Yuni 2020, gwamnatin Birtaniya ta buɗe hanyar biza ta musamman ga masu BNO da iyalansu ranar 31 ga Janairu 2021, wadda take ba su damar zama da aiki da karatu, su nemi izinin zama na dindindin bayan shekara biyar, sannan cikakken matsayi bayan ƙarin shekara guda. A ƙarshen Nuwamba 2022 aka faɗaɗa ta domin 'ya'yan da aka haifa daga 1 ga Yuli 1997 su iya nema da kansu ba sai tare da iyayensu ba. A 2023 aka buɗe hanyar zama ga tsofaffin sojojin Hong Kong da suka yi wa Sarauniya aiki kafin miƙa mulki. A 2025 kuma, bayan koke-koke, aka cire masu fasfon BNO daga sharaɗin sayen izinin shiga na intanet da aka ɗora wa baƙi masu ziyara. An ba mutum sama da 200,000 wannan biza, kuma da yawansu suna can a Manchester da Birmingham da Reading da unguwannin kudancin Landan suna aiki suna biyan haraji. Wannan mataki ne na mutunci, kuma na yaba wa waɗanda suka ɗauke shi.

Sai dai ku zauna ku yi lissafin abin da iyali guda suke kashewa a kan wannan hanya. Kuɗin bizar shekara biyar ya fara ne daga fam 250 ga kowane mutum, ya koma 268 a watan Afrilu 2025, kuma wannan ne ake yawan ambata idan ana son a nuna sauƙin hanyar. Nauyin yana wani wuri. Harajin kiwon lafiya da ake ɗora wa baƙi ya tashi a watan Fabrairu 2024 daga fam 624 zuwa 1,035 a shekara ga babba, daga 470 zuwa 776 ga yaro, kuma na shekara biyar ɗin gaba ɗaya ake biya tun kafin a ba da biza. A farashin 2025, miji da mata da yara biyu sai sun biya fam 18,110 na wannan haraji kaɗai, da fam 1,072 na biza. Bayan shekara biyar, izinin zama na dindindin, a farashin 2025, fam 3,029 ne a kan kowane kai, har da yaran, wato fam 12,116. An riga an haura fam 31,000 ke nan, ba a zo kan rajistar zama ɗan ƙasa ba, wadda ita ma a 2025 ta wuce fam dubu ga kowane mutum, ba a kuma sa kuɗin jarrabawar Turanci da ta sanin rayuwar ƙasa da bikin rantsuwa ba. A duk tsawon wannan lokaci uban gidan yana biyan harajin albashi da inshorar ƙasa kamar maƙwabcinsa, wato kuɗin asibiti sau biyu yake biya. An kuma rubuta masa a bizarsa cewa ba shi da rabo a tallafin gwamnati sai ya nemi a ɗage sharaɗin saboda ƙuncin talauci. Ɗansa da ya gama sakandare a Ingila kafin iyalin su sami izinin dindindin, jami'a za ta caje shi kuɗin ɗalibin ƙasar waje, wanda ya ninka na ɗan gida.

Waɗannan mutane ba baƙi ba ne a dokarku. 'Yan Birtaniya ne da rubutun dokar da Majalisarku ta yi, 'yan Kwamanwel ne da suke jefa ƙuri'a a zaɓenku idan suna zaune a ƙasar, kuma fasfon da ke hannunsu yana ɗauke da roƙon da ake yi da sunan Mai Martaba cewa a bar mai shi ya wuce ba tare da tsangwama ba. Duk da haka, a wajen biyan harajin lafiya da kuɗin izinin dindindin ma'auni ɗaya kuke auna su da wanda bai taɓa haɗa komai da Birtaniya ba.

Sashe na 68 na dokar shige da fice ta 2014 ya ba ma'aikatarku ikon sa kuɗin da ya wuce ainihin abin da aikin ya ci, ta la'akari da amfanin da mai nema zai samu da kuma kuɗin gudanar da sauran ayyukan shige da fice. Teburan da kuke wallafawa da kanku suna nuna tazarar da ke tsakanin abin da duba takarda yake ci da abin da ake karɓa. A shari'ar da aka yi kan rajistar yara a matsayin 'yan ƙasa, an tabbatar cewa a lokacin ana karɓar fam 1,012 a kan aikin da bai ci fiye da fam 372 ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce a 2021 ma'aikatar ba ta duba maslahar yara yadda doka ta wajabta ba, Kotun Ƙoli kuma ta ce a 2022 sa kuɗin bai saɓa wa doka ba tunda Majalisa ce ta ba da ikon, ta bar batun dacewarsa ga 'yan siyasa. To ga shi nan a gabanku. Halaccin abu a kotu bai ɗauke muku nauyin duba ko ya dace ba. Idan hujjar ita ce mai nema ya biya gwargwadon amfanin da zai samu, to amfanin da mai BNO yake saye da dubban fam shi ne haƙƙin da iyayensa suke da shi kyauta kafin 1962.

Akwai hujjoji uku da ake kawowa, kuma ban raina ko ɗaya ba. Ta farko ita ce bai kamata mai biyan haraji a Birtaniya ya ɗauki nauyin wasu ba. Amma ƙididdigar da ma'aikatarku ta fitar kafin buɗe hanyar ta yi hasashen cewa zuwan waɗannan mutane zai kawo wa baitulmali ribar fam biliyan 2.4 zuwa 2.9 cikin shekara biyar, mafi yawanta daga haraji. Wanda ake sa ran zai kawo riba irin wannan ba a kiransa nauyi. Ta biyu ita ce mutanen Hong Kong masu hali ne, za su iya biya. Wasu suna da hali, babu shakka, kuma su ne suka fara tafiya. Amma direban bas da mai shara a asibiti da mai sayar da abinci a kasuwar Mong Kok ta Hong Kong su ma suna da BNO, kuma dokar tsaron ƙasa ba ta duba asusun mutum a banki kafin ta hau kansa. Hanyar da sai mai fam dubu talatin zai iya bin ta har ƙarshe ta sake maimaita zaɓen 1990 ne, sai dai wannan karon kuɗi ne yake yin aikin da maki ya yi a wancan. A ƙara da cewa tun 2021 hukumar asusun fansho na dole ta Hong Kong ta daina karɓar fasfo ko bizar BNO a matsayin shaidar cewa mutum ya bar yankin, don haka dubban iyalai sun iso Birtaniya alhali ajiyar da suka tara ta tsawon shekarun aikinsu tana can a kulle. Kuna sane da wannan, kun ma yi magana a kansa, amma ba a rage musu komai ba saboda shi.

Hujja ta uku ita ce wadda aka fi daɗewa ana fakewa da ita, cewa Sanarwar 1984 ta ɗaure hannun Birtaniya. Lord Goldsmith, tsohon babban lauyan gwamnati wanda aka riƙa jingina wannan fahimta ga rahotonsa na 2008, ya rubuto wa ministoci a 2020 ya bayyana cewa babu abin da ya hana Birtaniya a doka ta ba masu BNO haƙƙin zama. Gwamnatinku da kanta ta ayyana cewa Sin tana cikin saɓa wa Sanarwar. Ko da ma an ɗauka cewa hujjar tana nan da ƙarfinta, iyakarta batun matsayi, ba ta taɓa cewa komai ba a kan nawa za a caji mutum. Farashi naku ne ku kaɗai, ana sauya shi da ƙa'idar da minista yake gabatar wa Majalisa, ba ya buƙatar yardar Beijing.

Kuma ba sabon abu nake roƙo ba, domin kun riga kun yi wa wasu. Da abin kunyar Windrush ya fito fili a 2018, wato yadda aka ɗauki mutanen Karibiyan da suka daɗe da zama a Birtaniya bisa doka a matsayin baƙin haure, an buɗe shirin da ya ba waɗanda abin ya shafa takardun zama da na ɗan ƙasa ba tare da biyan kuɗi ba. Dokar 2022 ta ba zuriyar mutanen tsibiran Chagos, waɗanda aka kwashe daga gidajensu domin a gina sansanin soja a Diego Garcia, damar yin rajista kyauta tun daga watan Nuwamba na shekarar. 'Yan Ireland mazauna Birtaniya an yi musu doka a 2024 mai sauƙaƙa rajista da kuɗi mai rangwame. Har a fasfo ma akwai misali, tunda duk ɗan Birtaniya da aka haifa ranar 2 ga Satumba 1929 ko kafin nan kyauta ake ba shi, domin girmama mutanen da suka ga Yaƙin Duniya na Biyu. Duk waɗannan suna tabbatar da cewa idan gwamnati ta yarda akwai bashin tarihi a wuyanta, ta san yadda ake cire kuɗi daga hanya. Hausawa suna cewa alkawari kaya ne, kuma ministocinku da bakinsu suka kira wannan hanya cika alkawarin tarihi ga mutanen Hong Kong. Ba a cika alkawari sannan a miƙa wa wanda aka yi wa takardar biyan kuɗi mai riba a ciki.

Abin da nake roƙo shi ne ku fara da mafi sauƙi, ku sauke kuɗin fasfon BNO zuwa ainihin abin da bugawa da aikawa suke ci, ku cire kason ayyukan da mai shi ba ya samu, ku kuma wallafa yadda aka kasa kuɗin domin kowa ya gani. Wannan ba zai girgiza kasafin kuɗinku ba, amma zai nuna cewa kun amince fasfon da ba ya ba da haƙƙin zama bai kai darajar wanda yake bayarwa ba. Wanda ya fi shi nauyi, kuma ya fi shi amfani ga iyalai, shi ne a mayar da kuɗin izinin zama na dindindin da na rajistar ɗan ƙasa ga masu BNO da iyalansu zuwa abin da aikin ya ci kawai, yara kuwa a yafe musu gaba ɗaya, musamman da yake shekara biyar ɗin rukunin farko da suka iso a 2021 ta faɗo a 2026, kuɗin kuma yana faɗo wa gida guda a lokaci guda. Harajin lafiya, idan ba za a ɗage shi ba, a bari a riƙa biyansa shekara-shekara, a kuma daina karɓarsa daga wanda ya nuna yana biyan harajin albashi. Ɗaliban da suka yi shekara uku a makarantun ƙasar a ɗauke su a matsayin 'yan gida a jami'a. Duk wani sabon sharaɗi na albashi ko na harshe da za a ƙirƙiro wa masu neman izinin dindindin kada a ɗora shi a kan mutanen da suka sayar da gidajensu suka taso bisa sharuɗɗan da aka shelanta musu a 2021.

Daga ƙarshe ina roƙon ku kai wa Majalisa batun matsayin kansa. Mutanen da aka haifa a ƙarƙashin tutar Birtaniya kafin 1 ga Yuli 1997 amma ba a yi musu rajista ba saboda suna yara, ya kamata a buɗe musu ƙofar yin ta yanzu da kansu, tunda wa'adin da ya wuce su an yanka shi ne domin sauƙin aikin ofis a wancan lokaci. Masu BNO kuma da suka zaɓi zama cikakkun 'yan ƙasa a ba su wannan dama ta hanyar rajista kai tsaye, kamar yadda aka ba mutanen Jibralta a 1981 da na sauran yankuna a 2002. Mafi ƙanƙantar masu riƙe da wannan matsayi sun doshi shekara talatin, manyansu kuwa suna ta raguwa, kuma ba a ƙara ko mutum ɗaya a kansu tun 1997. Ina fatan za ku ba da amsa a rubuce, a wurin da su da 'ya'yansu za su iya karantawa.

Ku huta lafiya.

Naku cikin girmamawa,
Wani ɗan Arewacin Najeriya mai bibiyar dokokin zama ɗan ƙasa.